Ƙugiyar da ke Kusa da Taga

Aldercote, Shropshire
Maris, 1997

Gwaggo Enid,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙugun naki ya daina yi miki gardama, kuma 'yarki Megan da mijinta ba su gaji da ke ba tukuna. Mu muna nan. Ruwa bai ɗauke ba tun Kirsimeti, tumakin Wilf suna ta haihuwa a cikin taɓo. Ni lafiyata ƙalau, kuma wannan na cikin abubuwan da ke ba ni haushi.

Ki taya ni murna, na zama matar mai mashaya.

Kamfanin da ya rufe miki mashayarki, Baƙin Rago, ya sayar da ginin ga wasu 'yan birni da za su mai da shi gidan hutu, aka yi gwanjon kayan ciki. Desmond ya ce zai je kallo ne kawai. Ya dawo da babbar mota cike. Kantarki ta katako, famfunan giya, madubin nan mai tsagewa, ƙararrawa, bencin bakin murhu da ya cinye wandunan rabin mazan ƙauyen nan, da akwatin moɗayen shan giya da ake ratayewa a saman kanta, kowace da sunan mai ita a gindi. Duk ya zuba su a tsohuwar bargarmu. Rabin barga mashaya, rabi motocinsa. Idan mutum ya bugu ya faɗo daga kujera, da hancin jar motar zai yi karo. Na gaya masa ban taɓa ganin an haɗa ashana da kananzir cikin ladabi irin haka ba. Ya ce ba ni da ido ga kayan tarihi. Ni da na yi shekara ashirin ina koyar da tarihi.

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙa ruɓaɓɓun haƙoran jama'a, yanzu ya yi ritaya ya zama kafinta. Yana goge katako yana waƙa. Jiya ya kira ni in ga yadda ya ɗaura ƙararrawa. Na je na gani. Na ce ta yi kyau, sai dai ban san wa zai kora da ita ba in lokacin rufewa ya yi, tunda shi ne mai sayarwa, shi ne mai sha.

Akwai abin da ban sa a katin Kirsimeti ba. Ba jar motar da mai ruwan toka kaɗai ke cikin bargar ba. Ya sayo koriyar, wadda ɗanmu Rory ya yi hatsari da ita. Tsohuwa, kamar yadda yake kiranta. Ya bi sawunta har wurin masu tara ƙarafan da suka lalace, ya dawo da ita a kan tirela, sitiyarin a lanƙwashe yadda aka ciro ta daga kwanar gada. Tana ƙarƙashin tamfol. Muna cikin shekara ta uku da binne Rory, ubansa kuwa yana zaune a teburin cin abinci yana bincika mujallu, yana neman fitilar gaba ta hagu.

Ba ma faɗa. Da ma muna yi. Ina magana, yana cewa eh, Hester, da irin muryar da yake wa mai jin tsoron allura.

Ki rubuto. Ki gaida Megan.

Taki,
Hester

*

Dunedin, New Zealand
Afrilu, 1997

'Yata Hester, da kai Desmond,

Ina gaishe ku da kyau. Ƙugu yana nan, ni ma ina nan, muna haƙuri da juna. A nan sanyi ne ke shigowa lokacin da ku kuke fita daga naku. Ƙasar da komai nata a kife yake, har ruwan wanka ba ya juyawa yadda aka saba.

Wasiƙarki ta sa ni kuka, na farin ciki. Megan ta zaci wani ne ya mutu. Na ce mata a'a, kantata ce ta tsira. Kullum ina kwana da tunanin an fasa ta an hura wuta, ko an yi wa wani ɗan birni teburin ajiye fulawa da ita. Allah ya yi maka albarka, Desmond. Kada ka sa mata wannan man feshin na zamani. Kakin zuma da tsohon tsumma, shi ke nan.

Ke kuwa Hester, bakinki bai canja ba tun kina 'yar makaranta kina zuwa ki zauna a matattakalar bayan kanta da littafi, kina hararar masu sha. Ki bar mutum da abin wasansa. Maza irinsa ba su iya kuka ba, sai dai su kwance abu su sake ɗaurawa. Gara yana cikin barga kina jin bugun gudumarsa.

Desmond, in za ka rataye moɗaye, kada ka yi musu ratayar kasuwa, kowace da ƙugiyarta. Ta Wilf a bakin ƙofa, don rabin hankalinsa kullum yana wurin tumaki. Ta Emlyn a jikin murhu, in ka matsar da ita zai yi ta mita har tashin duniya. Ta limamin coci a bayan madubi, inda matarsa ba za ta gani ba. Taka da ta Rory kusa da taga, gefe da gefe, yadda kuka saba.

Ku aiko min da hoto.

Gwaggonku,
Enid

*

Dunedin
Yuli, 1997

Hester,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya. Ni dai tari ne ya kama ni ya sake ni.

Shiru ya yi yawa. Na sa Megan ta buga waya, Desmond ya ɗauka, ta ce yana ta fara'a, wai kina lambu. Ni da waya kin san sai hargowa, ba na jin ko rabi. Amma na san ba ki taɓa son lambu ba.

Na ɗauko wasiƙarki ta Maris na sake karantawa, wannan karon da tabarau mai kyau da zuciya a kwance. Hester, koriyar kika ce? Ni a karatun farko kantata kawai na gani.

Ki amsa min, ko da zagi ne.

Enid

*

Aldercote
Agusta, 1997

Gwaggo,

Ina gaishe ki, tunda an koya min gaisuwa. Sannu da tari. An gama yankan ciyawa, rani ya yi kyau, kowa na cewa rani ya yi kyau.

Zagi kika nema, amma na rubuta shi sau da yawa na yage. Bari in gaya miki abin da layinki guda ya yi.

Moɗar Rory tana ƙasan akwatin, a naɗe cikin jarida. Desmond ya rataye sauran duka, ita ya kasa taɓa ta. Sai wasiƙarki ta zo da sunansa a jikin ambulan, ya buɗe. Kafin la'asar ya murɗa ƙugiya kusa da taga. Da na yi magana ya ce, Enid ce ta ce. Kamar daga sama aka saukar.

A watan jiya ya gama motar. Ta yi kyau, Gwaggo, wannan ne abin da ba zan yafe ba. Fenti kamar ganye bayan ruwa. Ba za ki ce wani ya taɓa mutuwa a cikinta ba.

Kin san dokarki da kanki: ƙugiya abu ɗaya take ɗauka. Mutum ya sauke moɗarsa, ya rataye makullin motarsa a gurbinta. Duk wanda ya shigo ya ɗaga kai ya ga makulli, ya san mai shi yana ciki, bai tafi gida ba. Kin kuma tuna Lahadin nan, ke kika ba ni labari: Desmond ya riga shi zuwa, ya sauke moɗar yaron ya sa kika cika, ya ajiye a kan kanta, wai yanzun nan zai iso. Kumfar ta kwanta, bai iso ba.

To yanzu kowace Lahadi bayan abincin rana Desmond yakan shiga barga. Ya sauke moɗar Rory ya cika, ya ajiye a gaban kujerar taga. Ya ɗauki makullin koriyar ya rataye a ƙugiyar. Ya iso ke nan. Sai ya zauna a gefe yana shan tasa, yana ba kujera labarin inji. In ya gama tasa sai ya shanye ta yaron, don kada a yi asara. Ya ƙara. Sannan ya buga ƙararrawa, ya sauke makullin da hannunsa, ya fita da motar ya gangara hanyar gada, wai inji yana bukatar motsi.

Wilf ya zo sau ɗaya. Ya shigo yana cire hula, ya ɗaga kai ya ga makulli, ya ga moɗa a cike, bakinsa ya riga shi: "Sannu, yaro." Sai ya tsaya. Ya mai da hularsa ya ce ya bar ƙofar garke a buɗe. Bai sake dawowa ba. Emlyn na zuwa, don giyar kyauta ko a makabarta aka ce ana rabawa zai je, amma baya yake ba tagar.

Na karanta labaran fatalwa fiye da yadda ya kamata. A cikinsu abin yana da kunya, yana jiran duhu. Namu da rana tsaka yake zuwa. Ina cikin kicin sai in ji motar tana hawo tudu, da 'yar tarin nan da take yi in an canja giya, kafin in yi tunani na riga na tashi na ɗora buta, na fito da kofi uku. Ran nan na shiga bargar neman almakashi, ba kowa, rana na haska kanta. Akwai da'irar danshi a gaban kujerar taga, irin wadda gindin moɗa ke bari. Na goge. Na zo wucewa ta bayan kujerar, sai na ji kaina na ce, matsa min mana.

Na ɓoye makullin sau ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya je ya zauna a cikin motar, a tsakar gida, ba rufi, ana ruwa, hannunsa a kan sitiyari, har na kasa jurewa na kai masa. Na yi tunanin 'yan sanda. Na yi tunanin ashana. A littattafan ai ƙona gidan ake yi a ƙarshe, sai dai marubutan ba sa faɗin inda matar za ta ajiye mijin bayan nan.

Ya ce a Oktoba, ranar da abin ya faru, zai bi hanyar tun daga sama har ya ƙetare gadar, ya ƙarasa wa yaron tafiyarsa. Da moɗa nawa a cikinsa, ban sani ba. Na binne ɗaya daga wannan kwanar. Ba ni da baƙar riga ta biyu, kuma ba zan saya ba.

Ga hoton da kika nema. Ki duba saman taga.

Hester

*

Dunedin
Satumba, 1997

'Yata,

Ina gaishe ki. Kada ki tambayi lafiyata, ba ita ce magana ba.

Na duba hoton. Hannuna ne ya rubuta layin nan kamar yadda ƙafa ke bin hanyar gida, ki yi haƙuri. Yanzu ki saurara, don wasiƙa na daɗewa a hanya.

Abin da Desmond ya gina ba mashaya ba ce. Katako ne da kwalabe. Mashaya sai da mutum a bayan kanta wanda ba ya sha, wanda kuma ba a yi masa musu. Ba a taɓa yin wanda ya zuba wa kansa a Baƙin Rago ba, ba a taɓa yin wanda ya sauke makullinsa da hannunsa ba. Ni ke saukewa, in na ga dama. In ban ga dama ba sai in ce, ƙafafunka na nan? Ya ce suna nan. In ce to ka gaishe su. Manya-manyan ƙarti sun taka gida cikin ƙanƙara a kan wannan maganar. Mijinki ya yi shekaru yana sha a gabana, bai taɓa ɗaga min murya ta saman katakon nan ba. In matar aure ta ɓoye makulli, rigimar gida ce. In mai kanta ta riƙe, doka ce. Zai ji bambancin ko da mace ɗaya ce.

Sai maganar moɗa. Ke ba ki shiga harkar masu sha, shi ya sa ba ki sani ba, shi kuma Desmond baƙo ne, aure ya kawo shi, ina jin bai taɓa gani ba. Moɗar mamaci shekara ɗaya take yi a ƙugiya. In shekara ta cika a tara waɗanda suka sha tare da shi. A cika ta sau ɗaya, ta zaga, kowa ya kurɓa ya faɗi abu guda a kansa, ba wa'azi ba. Kurɓin ƙarshe na matarsa ne, in ba shi da mata, na uwarsa. Ta tafi da moɗar gida. Mai kanta ta kwance ƙugiyar, a buga ƙararrawa sau ɗaya. Haka aka yi wa kawunki, ni na sha, ni na kwance. Rory ba a yi masa ba, don an rufe mu kafin shekarar ta cika. Ba a taɓa mayar da moɗar mamaci ƙugiya ba, Hester. In ka rataye, ka ce ana jiransa.

Ki je wurin Wilf, ki ce ni na aiko ki. Zai zo.

Abu ɗaya kuma, ki ji haushina in kin so. Kofi uku kika ce kina fitarwa. Ba Desmond kaɗai ke jira a gidan nan ba.

Gwaggonki,
Enid

*

Aldercote
Nuwamba, 1997

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan rani ya fara shigo muku tunda komai naku a kife ne. Ganye ya zube. Desmond yana da mura. Yana da rai kuma, shi ne labarin.

Na ji haushinki kamar yadda kika ba ni izini. Sannan na je wurin Wilf. Ya saurare ni yana gyara shinge, ya ce ya zaci an daɗe da yi wa moɗar sallama a cikin gida, shi ya sa ranar nan ya juya ya fita. Ya ce zai zo da Emlyn da limamin coci.

Lahadin Oktoba da ya sa zai bi hanyar gada, Desmond ya wanke koriyar tun da safe, ya fito da ita tsakar gida, hancinta na kallon ƙofa. Da ya shigo barga bayan abincin rana ya same ni a bayan kanta, da rigar aikin kicin, ga tsofaffi uku a benci sun sa kwat ɗin coci. Ya yi dariya ya tambaya ko bikin wani ne. Ya miƙa hannu zai ɗaga murfin kanta ya shigo ciki. Na ce masu sha ta can suke tsayawa. Ya dube ni. Na ɗauka zai ce eh, Hester, ya wuce ni. Sai Emlyn ya ce, "Likita, ka ji abin da mai kanta ta ce. Ka zauna mana, ƙishi na kashe mu." Ya zauna.

Giyar da na zuba rabinta kumfa ce. Emlyn ya ce ya ga tumakin da gashinsu bai kai kumfar nan yawa ba. Na ce in ba ya so ya kai ƙara wurin kamfani.

Desmond ya sauke moɗar Rory, ya rataye makullin a ƙugiyar taga da kansa, kafin in ce komai. Na ɗauki moɗar na cika. Ban ajiye ta a gaban kujerar ba, na miƙa wa Wilf. A nan Desmond ya gane wani abu na faruwa. Wilf ya kurɓa, ya ce yaron ya taɓa kwana da shi a garke yana taya tunkiya haihuwa, ya yi amai sau biyu amma bai gudu ba. Emlyn ya ce bai taɓa ganin mai wasan jifan kibiya a allo maras saiti kamarsa ba, har yau akwai ramukansa a jikin bencin nan, ya nuna mana. Limamin ya ce yana rera waƙar coci da ƙarfi ba tare da ya san kan waƙar ba. Moɗar ta iso gaban Desmond.

Bai taɓa ta ba. Yana kallon hanya ta taga. Ya ce, "Hester, bai iso ba tukuna."

Gwaggo, na shirya maganganu. Kin san ni, na kwana biyu ina wasa su. Duk suka tafi. Na ce, "Ba zai iso ba, Des. Sha ka miƙo min."

Na yi zaton zai tashi ya fita. Makullin na saman kansa, hannu kawai zai ɗaga. Bai ɗaga ba. Ya ɗauki moɗar da hannu biyu ya kurɓa. Ya ce shi ya koya masa tuƙi, kuma yaron ya fi shi iyawa. Ya ce ya fi shi iyawa, Hester, kamar ina musu.

Na shanye sauran. Ɗaci, ɗumi, ban san abin da kuke gani a cikinta ba. Ban faɗi komai a kansa ba, ba kuma wanda ya matsa min. Na hau kujera na sauke makullin na jefa a aljihu, na kama ƙugiyar. Ashe tun farko da ƙarfi ya murɗa ta, likitan naki, sai da Wilf ya ba ni wuƙarsa na kwance ta. Na buga ƙararrawa sau ɗaya.

Da tsofaffin suka tafi ya tsaya a bakin kanta, ya buɗe tafin hannu, ba fushi, kamar yaro. Na ce, ƙafafunka na nan? Ya dubi ƙasa kamar mai tabbatarwa. Ya ce suna nan. Na ce to ka gaishe su. Muka taka muka ƙetare tsakar gida, muka wuce motar, muka shiga kicin. Ya kifa kansa a kan teburi. Ban taɓa jin irin wannan sautin daga bakinsa ba, ko a makabarta.

Makullan motocin uku suna wurina. Ranar Asabar nakan ba shi na jar, ranar da ba a buɗe kanta. Koriyar tana ƙarƙashin tamfol, bai ce zai sayar ba, ban ce ya sayar ba. Ina buɗewa Lahadi kawai, Wilf ya dawo, kuma har yanzu ina ganin sha aikin banza ne. Ki rubuto min yadda ake wanke bututun famfo, Emlyn ya ce giyata na warin safa.

Ramin ƙugiyar na nan a saman taga. Desmond ya ce zai cike shi, na ce ya bari.

Moɗar na kawo ta gida, tana kan tagar kicin, a kife. Kowace la'asar in na zo ɗora buta nakan ɗaga ta in duba ƙarƙashinta. A bushe yake, Gwaggo. Kullum a bushe. Ba ki gaya min wannan zai fi ciwo ba.

Taki,
Hester